Daga Bakin Shago: Ni da Mai Cire Hula

 

A wannan makon wani ɗan'uwa ne daga Lome ya aiko mini da saƙon murya har uku a jere. Ya ce ya ga wata mota a wurin dillalai, 'yar ƙarama, ja wur, mai rufin ƙarfe wanda in an danna maɓalli sai ya naɗe kansa ya shige but. Kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba. An gaya masa ina da irinta a nan Kwatano, shi ne yake neman shawara: ya saya ko ya wuce? A ƙarshen saƙo na uku ya ƙara da cewa, "Alhaji, don Allah kar maiɗakina ta ji." To ɗan'uwa, ban kama sunanka ba. In kuwa tana karanta wannan fili, sai ka san yadda za ka yi.

Ni dai ba sayen tawa na yi ba, bashi ne ya kawo mini ita. Wanda ya san Kwatano ya san abin da ya biyo bayan Janairun 2017, lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigar da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Filayen motoci na Sekanji, kan hanyar Seme, inda a da sai ka yi da gaske kafin ka sami wurin sa ƙafa, suka yi tsit, ƙura ta lulluɓe gilasai. Akwai wani dillalin mota da ya karɓi kuɗi a hannuna, sefa miliyan biyu ba kaɗan, da alkawarin wata uku. Wata uku ya zama goma sha ɗaya. Rannan sai ga shi a shago da makulli a hannu, ya ce, "Alhaji, ko ka karɓi wannan, ko ka jira ni sai yadda Allah ya yi." Da babu gara ba daɗi. Na karɓa da niyyar in sayar cikin mako biyu. Duk wanda ya zo sai ya ce a buɗe masa rufi ya gani, ya yi dariya, ya ɗauki hoto, ya leƙa kujerar baya, ya ce zai dawo. Har yau ina nan ina jiransu.

'Yar Faransa ce, ƙirar 2004. Ba zan kira sunan kamfanin ba, don ba su biya ni kuɗin talla ba. Yaran Zango kuwa tun makon farko suka raɗa mata suna, Mai cire hula, kuma sunan ya bi ta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in kwatanta. In rufin yana sama, ba ka bambanta ta da kowace mota mai ƙofa biyu: ƙarfe ne da fenti, da gilashin baya na gaske. In kana son buɗewa sai ka tsaya cik, ka zare sakata biyu da ke saman gilashin gaba, ka danna maɓalli ka riƙe. Gilasan gefe su sauka. Murfin but ya buɗe ta baya, saɓanin yadda ka saba buɗe shi. Rufi ya ɗago, ya karye gida biyu, ya kwanta a cikin but kamar an ninke darduma, murfi ya koma ya rufe. Duka-duka daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Mai yin aikin wani ɗan famfo ne na lantarki da ke ɓoye a cikin but, yana tura mai ta siraran tiyo zuwa hannuwan ƙarfe masu ɗaga rufin. Sannan a gaɓoɓi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin makunnai, kowanne yana sanar da ƙwaƙwalwar mota cewa sashensa ya iso inda ya kamata. In ɗaya ya yi shiru, aiki ya tsaya a nan inda yake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na ga ta zame mini ƙarfen ƙafa, sai na shiga bincike, ni da babban ɗana da wayarsa. Ashe dabarar ta tsufa. Wani likitan haƙori ne Bafaranshe, Georges Paulin, ya fito da ita, kamfanin Peugeot ya yi motoci da ita a tsakiyar shekarun 1930 da sunan Eclipse. Ford ta Amurka ta gwada da Skyliner daga 1957 zuwa 1959, ta bari. A 1996 Marsandi ta farfaɗo da abin da SLK. A 2000 Peugeot ta fito da 206 CC, wadda ma'aikacin Turai mai matsakaicin albashi zai iya saye, daga nan kowa ya ruga: Renault da Megane, Opel da Tigra, Volkswagen da Eos, har Nissan da Micra. An yi wajen shekara 15 ana wannan yayi. Zuwa 2015 Peugeot da Volkswagen sun daina, Marsandi ta daina yin magajiyar SLK a 2020, manyan kamfanoni da yawa suka koma rufin yadi, don na ƙarfe nauyi gare shi, ga tsada, ga cin wurin kaya.

Na kawo wannan tarihi ne don ɗan'uwana na Lome ya gane dalilin arahar da ya gani. Yayi ya wuce a Turai, masu su suna rabuwa da su, jirgi yana sauke mana su a Kwatano da Lome bayan sun sha duniya. Inji da giya da birki ba abin damuwa ba ne, don galibi iri ɗaya ne da na 'yan'uwansu masu ƙofa huɗu da suka cika gari. Amma duk abin da ya shafi rufi, roba ce, famfo ne, gilashin baya ne, yawanci sai dai a ciro daga jikin wata da ta mutu. An ce araha ba ta ado. Wannan kam ta yi ado, sai dai a gareji take fanshewa.

To mu zo kan zaman yau da gobe. Mu fara da abin da ya fi damun ɗan kasuwa, wato kaya. In rufi yana sama, but ɗin ya ba ni mamaki, don zurfi gare shi. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyu suna shiga, ko turamen atamfa masu yawa. In kuwa rufi ya sauka, shi ke mamaye wurin. Abin da ya rage bai kai rabi ba, wani ɗan siririn wuri ne a ƙasa, sai jakar hannu da darduma. Akwai wani labule da ake ja a cikin but, shi ne iyaka tsakanin kaya da rufi. In ba ka ja shi ka maƙala ba, rufi ba zai motsa ba ko za ka kwana kana dannawa. Saboda haka kullum zaɓi ne, ko kaya ko iska. Ni kuwa shadda da atamfa nake sayarwa, kun san wanda ke cin zaɓen daga Litinin zuwa Asabar.

Sai wurin zama. Takarda ta ce mutum huɗu. Wallahi wanda ya rubuta bai taɓa zama a baya ba. Kujerun nan biyu na yara ne ƙanana, su ma zuwa Islamiyya da dawowa. Na taɓa rage wa wani malami hanya shi da almajirinsa, saurayi dogo. Yaron ya shiga baya a karkace, gwiwa a haɓa. Da muka isa sai da muka haɗu mu biyu muka jawo shi kamar ana fid da ɗan akuya daga rijiya. Gidana mutum tara muke, ban da baƙi. Ranar Idi tsohuwar bas ɗin kayan shago ce ke kwashe mu, Mai cire hula tana kwance a gida. Mai mata biyu kuwa ina ba shi shawara ya yi nesa da ita, don kujerar gaba guda ɗaya ce, kuma babu alƙalin da zai iya raba ta.

Sunan da yara suka sa mata ya dace ta fuska biyu: tana cire tata hular, tana cire tawa. Gilashin gabanta a kwance yake, ya taho har kusan saman kai, in ban sunkuya sosai ba wajen shiga sai ya tuɓe mini hula. Ranar farko da na buɗe ta a kan hanyar Fotonobo, ina jin kaina kamar wani gwamna, iska ta ɗauke mini zanna ta jika ashirin da biyar. Na hango ta a madubi tana birgima, wata babbar mota ta bi ta kai. Hannun babbar riga ma sai ka tattare shi ka danne, in ba haka ba ya riƙa marinka. Ƙofofinta dogaye ne masu nauyi, in aka matse ka a wurin faki sai ka fito a gicciye, ciki a shafe.

Hanya kuma fa? A kan kwalta ba ta da laifi, tana da saurin tashi, ga daɗin kwana. Amma cikinta kusa yake da ƙasa, kuma yawancinmu ba a bakin kwalta muke zaune ba. Lungunan Kwatano, waɗanda ake kira von, da yawansu yashi ne da rani, tafki da damina. Daga Afrilu zuwa Yuli akwai ranakun da nakan leƙa ƙofar gida, in dubi ruwa, in dubi mota, in kira zemijan, 'yan acaban nan masu rigar ɗorawa. Akwai kuma abin da sai wanda ya tuƙa ya sani. Mota in aka yanke mata rufi kamar kwali ce da aka cire wa murfi, sai jikinta ya riƙa murɗewa. Shi ya sa masu ƙira suke ƙara mata ƙarfe a ƙasa da gefe, ta fi 'yar'uwarta mai rufin dindindin nauyi, ta ɗan fi ta shan mai. Duk da haka in ka shiga gargada za ka ji rufi na ƙiƙ-ƙiƙ a saman kanka, kamar ɓera ya shiga sili.

Babbar maganar ita ce rana. Bature ya ƙera wannan mota ne don yana marmarin rana, wata da watanni bai gan ta ba. Mu kuwa tun da aka haife mu inuwa muke nema. Ka buɗe da tsakar rana, kafin ka kai Tokpa ƙeyarka ta dahu, sitiyari ba ya taɓuwa. Ka buɗe da hunturu, Disamba da Janairu, ka koma gida fari fat kamar ka fito daga injin niƙa. Ka buɗe a gosulo, ka sha hayaƙin zemijan har ka ƙoshi, ga wayarka a fili ga duk mai dogon hannu. Da damina kuwa ido ɗaya a hanya, ɗaya a sama. Abin da ya rage maka shi ne bayan asuba kafin rana ta ɗaga, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa isha. Wata shekara na riƙa sa alama a bayan littafin shago duk ranar da na fita da ita a buɗe. Da shekara ta zagayo na ƙirga, kwana arba'in da 'yan kai. Sauran kwanakin duka ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu kamar kowace.

A nan ne kuma rufin ƙarfe ya yi wa na yadi fintinkau. Esi yana riƙe sanyi. Ruwan sama ba ya damun kunne. Rana ba ta cinye shi kamar yadda take cinye yadi. Wani maƙwabcina da ke da mai rufin yadi, ɓarawo ya tsaga masa shi da reza don ya ɗauki jakar da ba komai a cikinta sai takardu, ɗinkin ya fi abin da aka sata tsada. Tawa in na kulle ta na kulle.

Ranar da ta fi tozarta ni ita ce ranar kai 'yata ta biyu ɗakin miji, cikin watan Yuni. Samarin gida suka dage sai a Mai cire hula za a kai amarya, kuma a buɗe. Na ce musu hadari ya haɗo. Suka ce, "Baba, ai tafiyar minti goma ce." Na miƙa wa ƙanen amarya makulli, na koma wajen baƙi. Abin da ban gani ba, ashe ya aje ta taya ɗaya a kan tulin yashi, ya kashe inji, ya bar rediyo na ta kiɗa tun azahar. Ya danna maɓalli. Rufi ya tashi, ya kai tsakiya, ya tsaya cak, murfin but a wangale ta baya, kamar kunama ta ɗaga ƙari. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ga mata sun fito da amarya ana guɗa. Ba a yi minti biyar ba ruwa ya ɓarke. Muka yaye tamfol daga rumfar biki muka lulluɓa mata, amarya ta tafi a motar maƙwabci. Kujeru suka sha ruwa, mako uku mota na warin jiƙaƙƙen buhu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Laifina ne, ni na ba da makulli ga wanda ban koya wa ba.

Washegari aka kawo mini wani bakanike. Ya iso da guduma da sukudireba, ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Alhaji, mu danne shi mu yi masa walda kawai ka huta." Saura ƙiris in yarda. Sai wani abokina ya ce in dakata, akwai wani dattijo a Akpakpa da ya tsufa a kan motocin Faransa. Dattijon ya zo, bai taɓa komai ba sai da ya sa aka turo ta wuri mai daidai. Ya nuna mini yadda ake sassauta ƙarfin man famfo, mutum biyu su kama rufi dama da hagu su mayar da shi a hankali. Ya sa batir mai caji, ya ciro wani ɗan makunni da yashi ya cushe, ya wanke, ya mayar. Ya danna, rufi ya tafi ya dawo kamar ba shi ba. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin hular da na yi asara ba. Da zai tafi ya ce mini, cikin Faransancinsa da 'yar Hausar da ya tsinta, motata ba ta da ciwo, ladabi take so.

Ga ladabin, kamar yadda na koya daga gare shi da kuma wuyar da na sha. Na ɗaya, ba a taɓa rufi sai mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji yana aiki, don famfon nan yana jan wuta sosai, kuma in jiki ya karkace gaɓoɓi ba sa haɗuwa. Na biyu, in ka fara dannawa kar ka saki sai ta gama. Na uku, robobin da ke tsakanin rufi da gilasai su ne ranta, kuma zafinmu yana busar da su. Duk wata a goge su da ɗanyen tsumma a shafa man silikon. Kar a sa baƙin mai ko basilin, suna kumbura roba su lalata ta. Na huɗu, akwai 'yan hanyoyin ruwa a gefen but da gindin gilasai, yashi da ganye na toshe su. A buɗe su kafin damina, in ba haka ba ruwa ya taru a but inda famfo da wayoyi suke. Bayan kowane babban ruwa ina ɗaga shimfiɗar but in taɓa da hannu. Na biyar, ba a naɗe rufi yana jiƙe ko yana da ƙura. Na shida, ko ba ka da inda za ka, duk mako ɗaya ko biyu ka buɗe ka rufe a tsakar gida, don gaɓoɓi na sandarewa, ga iskar teku mai gishiri da ke kawo tsatsa. Na bakwai, yara su ja baya, don ƙarfen nan bai san yatsa ba, kuma ba mai dannawa sai kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Akwai abin da ya fi rufi wuyar gyara, shi ne yadda mutane ke kallonka. Kun tuna rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kaya suka kwanta mana, masu saye daga Legas da Kano suka ɗauke ƙafa. Ubangidana a kasuwa, wanda shekara da shekaru yake ba ni kaya in sayar in kawo kuɗi, na yi masa jinkirin wata biyu. Wata yamma na je in ba shi haƙuri, ban yi tunani ba na tafi a Mai cire hula, a buɗe. Yana tsaye a ƙofar sito. Ya dube ni, ya dubi mota, ya ce, "Alhaji, kuɗina ne ke shan iska haka?" Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ido ba. Daren nan ban yi barci ba. Da safe na kai masa littafin shago da takardar da muka rubuta da dillalin nan, ya ga yadda motar ta zo hannuna. Ya ce, "Na yarda da kai. Amma ni na tambaye ka, wani ba zai tambaya ba."

Maganar nan ta shige ni. Mu da muke zaune a ƙasar mutane ba mu da gona a nan, ba mu da dangin da za su tsaya mana. Jarinmu na gaskiya shi ne amana, da abin da ake faɗa a kanmu in mun ba da baya. Motar da ba ta kai kuɗin Corolla ba, a idon mai wucewa ta ninka ta uku, kuma ta mai shaƙatawa ce. Ko a ƙofar masallaci na sha jin, "Alhaji ya koma saurayi." Tun daga ranar ba na zuwa kasuwa da ita a buɗe, ba na zuwa wurin wanda ke bina, ba na zuwa ta'aziyya. Kuma na ƙudura in sayar da ita ko nawa aka taya.

Wadda ta hana ni ita ce wadda ta fi kowa ƙinta da farko, uwargidana. Ranar da na kawo motar gida ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, mutane na karɓo bashi su sayi fili, kai ka karɓo abin wasan yara." Wata shida ta ƙi shiga. Sai wata Juma'a da yamma aka ce wata 'yar garinsu ba ta da lafiya a Fijirose, bas kuma tana gareji. Dole ta shiga. Yara suka biyo mu, na ce babu wuri, kuma a karon farko gaskiya na faɗa. A dawowa na bi ta hanyar masunta, wadda ke bin bakin teku ta nufi Wida. Rana ta yi sanyi. Na ce, "Hajiya, in buɗe?" Ta ce, "In mayafina ya tashi kai za ka bi shi." Na tsaya na buɗe. Muka riƙa tafiya a hankali, ga itatuwan kwakwa, ga kwalekwale an jawo su kan yashi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta fara magana.

Kun san gidajenmu. Gidan ɗan kasuwa a Zango tasha ne. Yau baƙo daga Maraɗi, gobe daga Sakkwato, jibi ɗan ƙanen wane ya zo sayen mota zai yi kwana uku ya yi wata. A lokacin mun shekara ashirin da bakwai da aure, kuma na lissafa ban tuna ranar da muka zauna awa guda mu biyu ba tare da wani ya yi sallama ba. A ranar ta gaya mini abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu a Katsina, sai bayan kwana biyu da binnewa ta isa. Ta ce har yau abin na cin ta. Ta ce, "Alhaji, ni fa ba na so in tsufa a gidan haya a ƙasar mutane. Ko ɗaki biyu ne ka yi mana a gida." Ni kuwa a daidai lokacin tara kuɗi nake in buɗe shago na biyu, ina ganin alheri nake wa iyali. Wallahi ban san da wannan a ranta ba, kuma gida ɗaya muke kwana.

Kuɗin shago na biyu fili suka saya a Katsina. Gini yana tafiya da kaɗan-kaɗan yadda kasuwa ta ba da hali, yanzu saura rufi, na kwano, wanda ba ya naɗewa. Kuma tun daga ranar, duk Juma'a biyu in sama ta yi kyau muna fita mu biyu. A motar nan aka yanke maganar auren 'yarmu, a cikinta na ji cewa ɗana na uku ba ya son kasuwa, karatu yake so, ya kasa gaya mini. Shi ya sa da na dawo daga wurin ubangidana na ce mata zan sayar, ba ta yi dogon musu ba. Cewa ta yi, "To a ina za mu riƙa magana?" Na mayar da makulli aljihu.

Kar wani ya ce Alhaji ya ce sai da mota mai buɗaɗɗen kai ake hira da iyali. Benci a bayan gida ma ya isa, in za a bar ku. Ni dai ban samu bencin ba, sai da ƙarancin kujera ya kore mini kowa.

To ɗan'uwana na Lome, ga amsarka. In ita ce za ta zama motarka tilo, ga iyali ga kaya, ka wuce. In ana binka bashi, ka wuce. In lungunku na cika da ruwa kuma ba ka da wurin aje ta a inuwa, ka wuce. In kuwa kana da abin ɗaukar kaya da iyali, ba wanda ke binka, kuma ranka ya biya, to ka je da idonka biyu. Ka sa dillali ya buɗe ya rufe a gabanka sau uku a jere, ka saurara ko famfo na kuka ko rufi na tsayawa a hanya. Ka sa a rufe a kwarara mata ruwa kana zaune a ciki, ka duba inda ke ɗiga. Ka ɗaga shimfiɗar but ka shinshina, ka duba ko akwai danshin mai a kusa da famfo. Ka nemo bakaniken da ya san irinta tun kafin ka biya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware wani abu a gefe don ranar da za ta ɗaga ƙari. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan maganar kar maiɗakinka ta ji, wannan kam ban goyi bayanka ba. Ka gaya mata tun kafin ka biya. Za ta yi faɗa, tawa ma ta yi. Amma kujerar nan guda ta gaba tata ce, gara ta san da ita.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar gini a gida daga nesa, da yadda ake aika kuɗin siminti ba tare da zumunci ya lalace ba. Masu labari a kai su aiko. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya masauki lafiya.

Naku,
Bakatsinen Zangon Kwatano